Hatimi Ɗaya, Takarda Biyu

Ranar Litinin

Zuwa ga aminina Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da fatan sanyin ƙasar nan taku bai matsa muku ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Shekaranjiya na leƙa Innarka, ƙafar ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da sanda. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko wayarka ce ta lalace.

Ban gaya mata ba, amma na san wayarka lafiyarta ƙalau, tunda na samu saƙon muryar da ka turo mini. A shago na fara saurarensa, ana yankan ƙarfe a maƙwabta, sai na ce wataƙila ƙarar inji ce ta sa ban ji daidai ba. Na koma gida na shiga ɗaki na sake saurara. Daidai na ji. Ka ce na sayar da kai. Ka ce da ma an gaya maka kada ka haɗa aikin ilimi da mai sayar da wayar walda. Shi ya sa na ɗauki biro. Idan na kira ka ba ka bari in kai ƙarshen magana, takarda kuwa ba a katse ta. Zan ɗauki hotonta in turo maka.

Bari in jero maka abin yadda yake, ko da ka san rabinsa. Kai ka kira ni ka ce ka gama bincikenka a kan idanun masu walda, kuma akwai wata gidauniya da ke ba da tallafi don a sauko da bincike daga kan takarda zuwa hannun mutanen da aka yi shi dominsu. Ka ce sharaɗinsu kamar murhu ne, sai da duwatsu uku: jami'ar da kake aiki a can, kai mai binciken, da ƙungiyar mutanen nan gida. Ka ce tunda ni ne sakataren ƙungiyar masu walda, dutse na uku yana hannuna. Na yi murna, Allah ya sani. Kullum ina ganin masu walda suna zuwa shagona da safe idanu jajur kamar an zuba musu yashi, wani ya ɗiga madara, wani ya ɗiga ruwan sukari, su koma bakin wuta da tabarau na gayu. Ka ce za a yi musu bayani da harshensu, da hotuna, da shirin rediyo, a kuma koya musu haɗa garkuwar fuska mai sauƙi. Na tuna yadda marigayi Baba, mahaifinka, ya ƙare yana lalube a ɗakinsa bayan shekarun walda, na ce wannan aikin ɗan halak ne.

Na rubuta takardar goyon bayan ƙungiya, ka dawo mini da ita ka ce a gyara. Na gyara, ka sake dawo da ita. Ban yi fushi ba, na san Turancina na sakandare ne. Na kai wa Shugaban ƙungiya ya buga hatimi, na tura maka. Duk yana cikin littafin da nake rubuta al'amuran yini, ban bar komai ba.

Abin da ban sani ba, sai da ka zage ni na je na bincika. Akwai wata Malama a kwalejin fasaha ta garin nan, ita ma tana neman wannan tallafin, nata aikin a kan hayaƙin walda ne da tarin da yake sa wa. Ta je rumfar Shugaba ranar da na tafi jana'izar kawun maiɗakina. Ta gaishe shi, ta zauna, ta yi masa bayani, ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko hatimi ya buga mata. Ka san hatimin ba a wajena yake ba, yana can cikin akwatinsa tsakanin guduma da filaya. Shi ne gidauniyar ta ga sunan ƙungiyarmu a takarda biyu, ta rubuto muku cewa dokarta ƙungiya ɗaya takarda ɗaya, idan ba mu janye daga ɗaya ba kafin ƙarshen watan nan, duka biyun za a zubar.

To ka ji. Wataƙila laifina ne da ban zauna na fahimtar da Shugaba wannan dokar ba tun farko. Na yi ta juya abin a raina. Amma ni kaina ban san da ita ba, domin shafukan da ka turo mini ba su kai wurin ba. Sayarwa kuwa, ban sayar da kai ba, kuma ina so ka janye kalmar.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Sannu-Sannu


Ranar Alhamis

Tsinke,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, da fatan tarin ƙaramar yarinyar da ka ambata kwanaki ya tafi. Maiɗakina tana gaida uwargida.

Ba ka janye kalmar ba, ka ma ƙara mata 'yan'uwa. Ka ce wannan sanyin jikin nawa shi ya hana ni wuce sakandare. Kai ka fi kowa sanin abin da ya hana ni, don haka ba zan amsa wannan ba. Sunan Sannu-Sannu ma kai ka laƙaba mini tun muna aji ɗaya, lokacin kuwa da dariya kake faɗinsa.

Na je wajen Shugaba. Na same shi yana haɗa ƙofar wani gida, ya ɗaga gilashin walda ya dube ni da idanun nan nasa da suka yi fari-fari. Na yi masa bayani a hankali. Bai ga laifin da ya yi ba, har yanzu kuma bai gani ba. Cewa ya yi tun da ya fara sana'a bai taɓa korar aiki ba. In mutum biyu suka kawo ƙofa rana ɗaya, duka ake karɓa, a yi wa wannan alkawarin Laraba, a yi wa wancan ma alkawarin Laraba, Allah ya san yadda za a ƙare. Ya ce ɗaya na son ya gyara mana ido, ɗaya na son ta gyara mana ƙirji, wane mahaukaci ne zai ce ido kawai yake so? Na ce masa masu kuɗin sun ce ba a tauna taura biyu. Ya ce to su ne ba su da haƙori. Duk rumfar aka kwashe da dariya, ni kaɗai ne ban yi ba.

Kada ka ɗauka ina kare Malamar nan. Na je kwalejin na same ta a ofis, ta tarbe ni da fara'ar da ta yi mini yawa. Ta ce ita ba ta san da takardarka ba. Ban yarda ba. Garin nan kowa ya san ni ne mai rubuta wa ƙungiya takardu, me ya sa sai ranar da ba na nan ta je? Ba ni da shaida, zargi ne kawai, kuma na sha zargin mutane ya zamo ni ne ban fahimta ba. Amma ba ta kwanta mini ba.

Ga inda aka tsaya. Ka ce in rubuta wa gidauniyar kawai cewa mun janye daga tata. Ba ni da wannan ikon. Ni sakatare ne, abin da aka yanke nake rubutawa, ko hannu ba na ɗagawa a taro. Kuma ƙungiyar nan tana da ƙa'ida tun zamanin su Baba: mai buƙata shi ke zuwa da ƙafarsa, ya zauna a bencin baƙi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Takardarka ta farko ma alfarma aka yi, don ni na tsaya maka. Yanzu da abin ya zama na mutum biyu, dattawa sun ce kowa ya zo. Na gaya musu tsakaninka da mu akwai teku, kuma aikinka na can a kan wannan tallafin ya rataya, in bai samu ba kwantiraginka ya ƙare. Ma'aji ya ce zuwa da kai ya fi aike. Na yi ta roƙo har bakina ya bushe, sannan suka amince ka zo ta waya, albarkacin mahaifinka.

Ranar Asabar ne da hantsi, a rumfar Shugaba. Malamar za ta kasance a wurin, ita ma an kira ta. Akwai shawarar da dattawa za su kawo, ta a haɗa takardun biyu su zama ɗaya, tunda haɗa ƙarfe biyu ne sana'arsu. Na duba dokar gidauniyar gaba ɗayanta a wannan karon, ba ta hana ba.

Ina roƙonka abu ɗaya. Ka gaishe su sosai kafin ka fara komai. Ka tambayi iyalansu, ka tambayi kasuwa. Kada ka yi sauri.

Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.

Naka,
Sannu-Sannu


Ranar Lahadi

Dakta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Mu ma lafiya, sai dai kunya da ta hana ni fita shago yau.

Tunda ta ƙaramin gilashin waya ka ga taron jiya, bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Tun da safe na je na share rumfar. Na roƙi maƙwabta su kashe janareto, abin da ba su taɓa yi wa kowa ba a ranar aiki. Mutane suka ajiye ayyukansu suka zo, wasu da baƙin mai a hannu, suka zauna a kan ƙarafa da tsofaffin tayoyi. Na ɗora wayata a kan bencin baƙi, na jingina ta da gwangwanin wayar walda. Guduma, wannan mai bakin da ka sani, ya kawo kofin ruwa ya ajiye gaban wayar, ya ce kada a ce baƙo ya zo ba a ba shi ruwa ba. Aka yi dariya mai daɗi. Wallahi a lokacin zukatansu suna tare da kai. Tsofaffin ciki suna ta ba da labarin yadda kake kawo wa Baba abinci a rumfa kana yaro, siririn wuyanka kamar zai karye.

Sai ka fito, ga Farfesan da kake aiki a ƙarƙashinsa a gefenka. Ka yi sallama guda, ka ce lokaci ya yi ƙaranci don Farfesa yana da wani taron. Shugaba ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya tambaye ka ɗan wane ne kai. Kana tsammani bai sani ba? Shi ya riƙe ka ranar da aka yi maka aski na farko. Ƙofa ya buɗe maka, don ka ambaci mahaifinka a gaban jama'a, a yi masa addu'a, daga nan duk abin da ka roƙa an ba ka. Ka ce ai duk sun sani, a wuce wurin. Na ga Ma'aji ya sunkuyar da kai.

Daga nan ka cika fuskar wayar da zane-zane da lambobi ƙanana. Dakta, mutanen da ka yi shekaru kana bincike a kan lalacewar idanunsu, su ka nuna wa rubutu kamar ƙafar tururuwa a wayar da ba ta kai tafin hannu ba. Suka yi ta kallo don ladabi. Ni na san abin da kake faɗa gaskiya ne kuma mai amfani, na so in tashi in maimaita musu da baki, amma ba ka tsaya ka ja numfashi ba balle in samu wurin shiga.

Da Shugaba ya kawo maganar haɗa takardun, ka yi dariya. Ka ce aikin wannan matar aikin 'yan makaranta ne, ba za ka ɗora sunanka kusa da nata ba ko da za a rasa tallafin. Tana zaune a kan durom ɗin fenti, taku kaɗan daga wayar, inda idon wayar bai kai ba. Na rubuta maka cewa za ta zo. Yana cikin wasiƙata ta Alhamis, ka koma ka duba. Ashe ba ka karanta wasiƙuna har ƙarshe. Na yi ta tambayar kaina ko da na juya wayar tun farko ka gan ta, da ba a kai nan ba. Mai yiwuwa. Amma ban san sai an nuna maka mutum sannan kake kiyaye harshenka a kansa ba.

Bayan ka kashe wayar, Malama ta tashi ta ce ita ta yarda a haɗa, ko sunanta ya zo a ƙarshe. Kada ka ɗauka kirki ne zalla. Na ga takardarta, abokan haɗin gwiwarta na waje ba su kai naku ƙarfi ba, ta san in aka haɗa ita ce da riba. Amma ta iya zama da mutane. Ta san sunan kowa, ta tambayi Guduma jikin matarsa. Shi kuwa Guduma da zai tafi ya ɗauke kofin ruwan ya watsar, ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A gabana ya faɗa, yana kallona, kamar ni na haife ka.

Duk da haka ba a yanke hukunci ba. Shugaba ya ce ɗan marigayi ne, a ba shi kwanaki ya huce ya sake tunani. Wannan dama ce ta ƙarshe. Ka kira shi, kai kaɗai, ba Farfesa. Ka ba shi haƙuri, ka yarda a haɗa. Ba na jin hakan zai rage maka komai.

Ka gaida uwargida da yara.

Sannu-Sannu


Ranar Laraba

Dakta,

Sallama. Da fatan kuna lafiya. Na gode da gaisuwar da ka aiko wa maiɗakina, ta ce tana amsawa. Na lura rabon da ka tambayi lafiyarta an daɗe, sai yau da kake da buƙata.

Na ga abin da ka turo. Ba ka kira Shugaba ba. Maimakon haka ka rubuta takarda da sunan ƙungiyarmu, mai cewa mun janye daga aikin Malama, an buga mata hatimi ne bisa kuskure. Ka ce in buga ta a inji, in cusa ta cikin takardun katin shaidar 'yan ƙungiya da nake kai wa Shugaba duk ƙarshen wata, tunda ba ya iya karantawa, inda na nuna masa nan yake bugawa. Ka ce kafin a farga an wuce wurin, kuma in tallafin ya zo su ne za su amfana. Ka ce idan ni amininka ne, yanzu za a gani.

Ka san abin da ya ci idon Shugaba. Kai ka rubuta shi shafi-shafi, har ka samu digiri a kansa.

Na so in ce maka na goge saƙon nan take. Ban goge ba. Na je shagon mai buga takardu na buga ta, ina tsaye ina waige kamar ɓarawo. Tana cikin jakata yanzu, tsakanin katunan. Na karanta ta ya fi a ƙirga, Turancinta sumul, ba inda za a gyara. Ina tuna yaranka da makarantarsu, ina tuna in aikin nan ya kuɓuce maka ban san inda za ku dosa ba a ƙasar mutane. Ina kuma tuna shekarun da muka yi, tun muna raba biro ɗaya. Sai in ce ai ƙarya ɗaya ce, kuma don alheri. Sai in sake mayar da ita cikin jaka.

Gobe ne ranar kai katunan. Ban san abin da zan yi ba. Amma ko me na yi, ka sani ka ɗora mini abin da ba a ɗora wa aboki.

Sannu-Sannu


Ranar Juma'a

Dakta,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da uwargida da yara. Allah ya raya su, ya sa kada abin da zan faɗa ya shafe su fiye da yadda za su iya ɗauka.

Na je jiya da safe, da jakata. Na tarar da Shugaba ba ya aiki. Yana zaune a kan benci ya jingina da bango, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a ido. Wai shekaranjiya wani ya kunna wuta kusa da shi bai kauce da wuri ba, ya kwana hawaye na zuba. Ya ji muryata ya ce Sakatare ne, kawo mu gama. Ya laluba akwatin ya ciro hatimin, ya hura masa iska kamar yadda ya saba, ya miƙo mini hannunsa in ɗora inda za a buga. Ko tsumman bai cire ba.

Muka yi katunan ɗaya bayan ɗaya. Ina riƙe da wuyan hannunsa, duk tabon ƙuna. Da muka zo kan takardarka na shimfiɗa ta a kan bencin, na kamo hannun har ya kusa sauka. Ya ji na tsaya, ya ce mene ne, ko tawada ta ƙare? Na ce wannan ba kati ba ne, bari in karanta maka. Na karanta masa ita, ina fassarawa layi-layi.

Na san za ka ce da na yage ta kawai na yi shiru, ba sai na tona ka ba. Ni ma na yi wannan tunanin, bayan an gama. A lokacin bai zo mini ba. Kuma da na kai ƙarshe ya tambaye ni wa ya rubuta, don ya san wannan ba irin maganata ba ce. Ban yi masa ƙarya ba. Ya tambaya ko cewa aka yi in karanta masa, ko cewa aka yi in nuna masa wurin bugawa. Nan ma ban yi masa ƙarya ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a kira masa Ma'aji da sauran dattawa. Ba su ɗauki lokaci ba. Guduma ya so a karanta takardar a gaban kowa da kowa, Shugaba ya hana, ya ce mahaifinka bai ci wannan daga gare su ba. An yanke cewa ƙungiya ta janye daga takardarka, tana nan a ta Malama. An kuma ce kada a faɗa wa gidauniyar dalili, don kada a ɓata maka suna a wurin aikinka. Wannan Shugaba ne ya roƙa maka, ba ni ba. Ni a lokacin ba ni da bakin roƙa wa kowa komai.

Ni na rubuta takardar janyewar, tunda aikina ne. Da Turancina na rubuta ta, ba wanda ya gyara. Na karanta masa ita daga farko har ƙarshe, na ɗora hannunsa, ya buga. Na tura wa gidauniyar da yamma, sun amsa cewa sun gani. Ina so ka ji daga gare ni kafin su rubuto maka.

Malama ta aiko a yi mini godiya. Ban amsa ba. Ba don ita na yi ba, kuma har gobe ban yarda da ita ba.

Yanzu saura abin da ya tsaya mini a wuya. Na karanta takardunku duka biyu, a hankali, yadda na saba. Ilimina bai kai in auna bincike ba, mai yiwuwa na yi kuskure. Amma a ganina taka ta fi tata nesa ba kusa ba. Ita in ta samu, za a yi taro, a raba takardu, a ɗauki hoto. Kai da ka samu, da wataƙila masu tasowa a sana'ar nan ba za su ƙare da tsumma a fuska ba. Abin yana hannunka. Gaisuwa kawai aka nema a wurinka, da zama kusa da wadda ba ka so. Ka ga sun yi maka tsada.

Zagin da ka yi mini na sakandare, zan iya mantawa. Cewa na sayar da kai, wannan ma da sannu zai wuce. Har takardar da ka sa na ɗauka a jakata, rabin laifin nawa ne, tunda da ƙafata na je na buga ta. Amma gobe da safe zan buɗe shago, su shigo da jajayen idanu su sayi wayar walda, ni kuwa na san akwai mutumin da ya san maganin abin, ɗan cikinsu, ya gwammace a rasa da ya sunkuya. Wannan ne ban yafe maka ba, kuma ban ga ranar da zan yafe ba.

Kada ka kira, ba zan ɗauka ba. Allah ya buɗa maka wata ƙofar, don yaran.

Wassalam.

Sannu-Sannu